Ɗana zai shiga ƙaramar sakandare: me ya kamata ya fara ganewa a kowane darasi?

Tambayar ta fito ne daga wata uwa da ke zaune a Gwammaja. Ta ce ɗanta ya gama firamare, ya samu gurbi a aji 1 na ƙaramar sakandare, an kuma miƙo mata takardar littattafan da za ta saya, ta ga darussa sun haura 10. Ita karatunta a sakandare ya tsaya, yawancin abin ma ya kwanta mata. Tana so ta san abin da yake tushe a kowane darasi, don ta riƙa lura ko yaron ganewa yake yi ko kuwa kwafa kawai yake yi daga allo.

Hajiya, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya sa ki ci moriyar wahalarki. Ni malamin lissafi da kimiyya ne, a makarantun sakandare na nan Kano na yi aikina, saboda haka za ki ga na fi jimawa a kan waɗannan biyun. Kada tsawon takardar nan ya firgita ki. Sunayen darussa canzawa suke yi, bana a haɗe biyu, baɗi a raba su, amma abubuwan da yaro yake bukatar ya gane a shekarar farko 'yan kaɗan ne, kuma kina iya gwada shi a kan kowannensu kina zaune a tsakar gida. Hanyar gwajin guda ɗaya ce: ya rufe littafi, ya yi miki bayanin abin da bakinsa, da Hausa, sannan ya kawo misalin da ba na malaminsa ba. In ya iya, ya gane. In ya ce miki shi da Turanci kawai ya san shi, to haddacewa ya yi.

Karatu shi ne na farko, kuma duk sauran darussa ta ƙofarsa ake shiga. Yaranmu da yawa suna iya rattaba shafi guda na Turanci ba tuntuɓe, amma da ka tambaye su wa ya yi me, sai su sunkuyar da kai. Mun gaji ƙarfin hadda daga makarantar allo da Islamiyya, baiwa ce ta gaske, kuma ban yarda da masu kushe ta ba. Sai dai ko a zaurukan malamanmu na cikin gari hadda ba ta tafiya ita kaɗai. Ɗalibi yana jan baƙi, malam yana fassara masa da Hausa jimla bayan jimla, har ya san me aka ce. Wannan rabin na biyu shi ne yake yawan faɗuwa a makarantar boko. Yaro ya haddace ma'anar abu kalma da kalma, ya juye a takardar jarrabawa, ya ci. Dabarar tana iya kai shi har aji 3, ya haye jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare, amma a ajin farko na babbar sakandare take watsewa, ranar da aka juya masa tambaya ta wata fuskar da bai haddace ba.

Ki ba shi sakin layi ɗaya, na Hausa ko na Turanci, ya karanta sau biyu, ki karɓe littafin ki tambaye shi: a kan me ake magana, me ya faru, me ya jawo shi. Kada ki raina karatun Hausa. Yaron da ya iya karanta Hausa sumul, ya san bambancin k da ƙ, da d da ɗ, da b da ɓ, ya riga ya san yadda baƙi yake zama sauti, sauti ya zama ma'ana, kuma da wannan sanin zai tunkari Turanci. A nahawu kuwa abu biyu sun ishe shi a bana. Ya iya nuna wanda ya yi aiki a cikin jimla da aikin da aka yi. Sannan ya lura cewa mu a Hausa 'yar kalmar da ke gaban aikatau ce take nuna lokaci, ya tafi, yana tafiya, zai tafi, alhali a Turanci aikatau ɗin kansa ma yana canza kama. A nan insha'in yaranmu ya fi zubar da maki. Idan kina da hali, ki riƙa sa a kai shi ɗakin karatu na Murtala Muhammad ya zaɓi abin da ransa yake so, ko da littafin tatsuniya ne.

Lissafi yanzu. Ki ce ya rubuta dubu uku da biyar da lambobi. Amsar ita ce 3005, amma za ki yi mamakin yawan 'yan aji 1 da suke rubuta 305 ko 30005. Wanda ya yi haka bai gane cewa darajar lamba tana ga gurbin da ta zauna ba, cewa 3 a gidan dubu daban take da 3 a gidan goma, kuma sifili aikinsa riƙe gidan da ba kowa a ciki. Duk tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa a kan wannan suke tafiya. Sai jadawalin sau, daga 2 zuwa 12. A nan kam hadda tana da gurbinta, ya haddace shi tsaf, domin yaron da yake ƙirga 7 sau 8 da yatsu ba shi da sauran hankalin da zai bi malam in an shiga babban aiki.

Inda na fi ganin yara suna karyewa shi ne lissafin rabi da kwata da sulusi, lamba a kan lamba, wanda suke kira firakshan. Idan wani zai tambaye ni abu guda da ke raba ɗalibin da zai iya lissafin sakandare da wanda zai tsane shi har abada, wannan zan nuna. Ki tambaye shi wanne ya fi yawa, 1/4 ko 1/8. Da yawa za su ce 1/8, wai don 8 ta fi 4. Abin da bai zauna musu ba shi ne lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abin, kuma duk yadda gidaje suka ƙaru, rabon kowa raguwa yake yi. Sai ki ce ya tara 1/2 da 1/3. In ya ce 2/5, ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, to ki tambaye shi: yaya za a ƙara wa rabi wani abu, a samu abin da bai kai rabi ba? Amsar gaskiya 5/6 ce, domin sai an mai da su gida iri ɗaya, 3/6 da 2/6, kafin su haɗu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan lissafin namu ne tun kafin boko ya zo. Duk mai rabon gado a garin nan da shi yake aiki: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi, sudusi, ga su nan a Suratun Nisa'i. Ki ba yaron wannan: mutum ya rasu, iyayensa ba su da rai, an biya bashi an fitar da wasiyya, naira 800,000 ta rage, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 3 da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, wato 1/8, naira 100,000. Saura 700,000. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka kaso 7 za a yi, kowane kaso 100,000, maza su ɗauki 200,000 kowannensu, macen ta ɗauki 100,000. Yaron da ya bi wannan da kansa ya yi firakshan, ya yi rabon kaso, kuma ya ga amfaninsu a rana ɗaya.

Daga nan kashi cikin ɗari ba baƙo ba ne, firakshan ne da aka tsayar da lambarsa ta ƙasa a kan 100. Rabi shi ne kashi 50, shi ne kuma 0.5, abu ɗaya a rubutu uku. Ga tambayar da nake so ki yi masa in ya ɗan yi nisa: atamfa ta naira 10,000 a Kantin Kwari, an ƙara mata kashi 20 cikin 100, daga baya aka rage kashi 20 cikin 100, ta koma nawa? Bakinsa zai yi saurin cewa 10,000. Amma ta hau 12,000, kashi 20 na 12,000 kuwa 2,400 ne, don haka 9,600 ta koma. Darasin shi ne kullum a tambaya: kashi 20 na me?

Akwai 'yar alamar nan mai layi biyu, =, wadda yara suke ɗauka ma'anarta «ga amsa nan tafe». Ki rubuta masa 8 + 4 = __ + 5. In ya cike da 12, wannan fahimtar ce a kansa. Amsar 7 ce. Alamar tamkar sikelin mahauci take: abin da ke wannan hannu nauyinsa ɗaya da na wancan, kuma duk abin da ka ɗora ko ka ɗauke a ɗaya, dole ka yi wa ɗayan. Aljabara gaba ɗayanta wannan ce, sai dai an sa harafi a gurbin lambar da ba a sani ba. Kin sayi shinkafa mudu 3, kin ba mai adaidaita 500, kin kashe 9,500 jimla, nawa mudu? A cire 500 daga kowane hannu, a raba kowane hannu gida 3, a samu 3,000. Masanin da fannin ya yi suna ta hannunsa, Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, a Bagadaza ya yi rubutunsa wajen shekarar 820. Mu ma nan kusa muna da namu: Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda a 1732 ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ki zana wa yaron gida 9, uku-uku, ki ce ya zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a kwance da a tsaye da a karkace, zai ba da 15. Zai sha fama, kuma faman nan shi ne lissafi.

Lambobin ƙasa da sifili ba sa ba yaran Kano wuya in aka ce musu bashi ne: ana bin ka 5,000, ka biya 3,000, kana kan −2,000. Awon fili ma haka, matuƙar ya bambance tsawon katangar da za ta kewaye fili da faɗin abin da ke ciki. Fili mai ƙafa 50 da 50 ba rabin mai 100 da 100 ba ne, kwatansa ne, 2,500 a kan 10,000. Manya ma suna ruɗewa a nan.

Kimiyya kafin ta zama tarin sunaye, ɗabi'a ce: ka duba da kyau, ka tambaya me ya sa, ka gwada, ka auna. Gani ya kori ji. Kuma duk awo yana tafiya da ma'auninsa. Yaron da ya ce tsawon abu 5 ne bai faɗi komai ba sai ya ce mita ko santimita. Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaji mai kayan aiki, wannan gaskiya ce mai ciwo, amma rabin kimiyyar aji 1 tana cikin gidanki.

Ki fara da randa. Me ya sa ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi? Domin komai na duniya, ruwa da iska da ƙarfe, an yi shi ne da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma kullum cikin motsi suke. Zafi shi ne yawan motsinsu. A ƙanƙara sun matse wuri ɗaya, a ruwa suna zamewa a kan juna, a tururi sun watse. Jikin randa yana da ƙofofi ƙanana, ruwa yana tsattsafowa, ƙwayoyin da suka fi zafi suna tashi su bi iska, su tafi da zafin, na ciki ya huce. Haka gumi yake sanyaya jiki. Da wannan sanin wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, don kayan miya su daɗe ba su lalace ba inda babu wutar lantarki, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Sai ya san canji iri biyu ne. Ƙanƙara in ta narke ruwa ce dai, ana iya mai da ita. Itace in ya ƙone ya zama toka da hayaƙi, wani sabon abu ya samu, ba ya komawa. Na biyun shi ne ƙofar kemistiri. Ki sa a kai shi marinar Ƙofar Mata ya tsaya ya kalla. Zane yana fitowa daga ramin baba da launin kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe shuɗi a gaban idonsa. Iskar oksijin ce ta haɗu da sinadarin baba ta canza shi, shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa. Wannan iskar dai ita ce take sa ƙarfe tsatsa, ita take rura wuta, ita muke shaƙa mu rayu.

A ɓangaren fiziks, ya gane cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa kuma ba ya ɓacewa, kama kawai yake canzawa. Hasken rana ya faɗa kan farantin sola ya zama lantarki, ya kwanta a batir, ya fito ya juya fanka. In kuna da mita mai kati, ga darasi kyauta: yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye shi cikin awa guda, ƙwan fitila mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100. Da damina kuma ki sa shi ya ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa wajen mita 340 kawai, don haka duk daƙiƙa 3 da ya ƙirga, nisan kilomita ɗaya ke nan tsakaninsa da inda ta faɗi. Ya koyi gudu da nisa da lokaci ba tare da ya buɗe littafi ba.

Ilimin halittu yana farawa da cewa duk mai rai, daga itacen kuka har sauro har mutum, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da sai da madubi mai ƙara girma ake ganinsu. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara bayyana su a 1665. Abu biyu nake so ki tabbatar sun shiga kansa. Na ɗaya, tsiro ba ƙasa yake ci ba. Ganye ne yake haɗa abinci da hasken rana da ruwa da wata iska da muke fitarwa in mun yi numfashi, taki kuwa ƙarin sinadarai ne da saiwa take zuƙa. Duk abincin da ke duniya daga wannan aikin na ganye ya faro, har naman da muke ci. In an tumɓuke gyaɗa ko wake, ki nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar. Wasu ƙwayoyi ne suke zaune a ciki suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda yake zama taki a gona, wannan ne ya sa manomanmu suke haɗa gero da wake a gona ɗaya tun kaka da kakanni. Na biyu, cuta tana da sanadi da hanyar da take bi. Zazzaɓin cizon sauro ba shan mangwaro ko zama a rana ke kawo shi ba, wata ƙwayar cuta ce da macen wani nau'in sauro take ɗaukowa daga jinin mai ciwo ta kai wa mai lafiya, kuma Ronald Ross ya tabbatar da zamanta a cikin sauro a 1897. Amai da gudawa kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci take shiga. Yaron da ya san hanya ya san inda zai tare: gidan sauro, kwashe kwata, wanke hannu.

Labarin ƙasa tushensa taswira ce da juyawar duniya. Ya iya nuna gabas da yamma da kudu da arewa daga ƙofar gidanku, ya san taswira ƙanƙantar da wuri take yi bisa ma'auni, ya san Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin Ikwaita. Ga tambayar da yara suke jin daɗinta da azumi: me ya sa 'yan Maiduguri suke riga mu shan ruwa, mu kuma mu riga Sakkwatawa? Duniya tana juyawa ta nufi gabas, digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, minti 4 a kowane digiri. Maiduguri tana gabas da mu da digiri 4 da rabi da 'yan kai, sai rana ta riga faɗuwa a can da kusan minti 18. Sakkwato tana yamma da mu, sai ta biyo bayanmu da kusan minti 13. Makka tana gabas da mu da wajen digiri 31, kuma agogonta yana gaban namu da awa 2. Damina da hunturu kuma aikin iska biyu ne. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma ɗauke da danshi, ɗaya daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura. Mai danshin ta Legas take fara biyowa, can kuma take bari a ƙarshe, shi ya sa daminarsu ta fi tamu tsawo, mu kuwa sai wajen Mayu ko Yuni take kankama, ta yi ƙarfi a Agusta, ta janye a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba.

Tarihi na fi jin tausayinsa, domin an mai da shi jerin sunaye da shekaru, alhali tambayoyi biyu ne ransa: me ya jawo me, kuma ta yaya aka sani? Ya fara da sanin jeri. Bagauda a 999, Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga 1804, shigowar Turawa Kano a 1903, 'yancin kai a 1960. Ya san 1463 tana cikin ƙarni na 15 ne, ba na 14 ba. Ya san shekarar Hijira ta fi ta Miladiyya gajarta da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa daga zafi zuwa sanyi zuwa damina. Sannan ki tambaye shi, wa ya ce 999? Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano da Larabci aka rubuta shi, a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, shekarun kuwa an same su ne ta hanyar tara tsawon mulkin kowane sarki ana komawa baya. Wannan bai rage wa kundin daraja ba, amma yaro ya san akwai bambanci tsakanin abin da aka ji daga bakin magabata, da abin da wani ya gani da idonsa ya rubuta, kamar Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya bayyana cinikin tufafinta, da abin da har yau ana iya taɓawa, kamar ragowar ganuwa da kayan da ke Gidan Makama. Misalin sanadi kuwa ga shi a dalar gyaɗa. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za a yi ta lodi, amma manoma da fatake irin su Alhassan Ɗantata suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in ciniki ya ƙi ana iya cin ta. Daga wannan zaɓin garin ya canza kama.

Darasin zama ɗan ƙasa ba ya bukatar dogon bayani. Gwamnati hawa uku ce: tarayya, da jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774, Kano tana da 44 daga ciki. A kowane hawa ana raba aiki tsakanin masu yin doka da masu zartarwa, ga kuma kotuna masu shari'a, don kada iko ya taru a hannu ɗaya. An ƙirƙiri jihar Kano a 1967, Audu Bako ne gwamnanta na farko, an cire Jigawa daga cikinta a 1991. In ya iya gaya miki wa ya kamata a tambaya in kwatar unguwa ta toshe, wa kuma ke buga naira, ya kama zaren. Ya kuma san kowane haƙƙi yana tafe da nauyi a kansa.

Kasuwanci da tattalin arziki kuwa ɗan Kano da su ya tashi, suna kawai ya rage a sa musu. Bukata ta fi abin hannu yawa, don haka duk abin da ka zaɓa ka bar wani. Farashi yana sauka in kaya sun yi yawa, ya hau in sun yi ƙaranci. Ki tambaye shi me ya sa tumatir yake araha a 'Yankaba da rani, ya yi tsada da damina. Amsar za ta kai shi madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da noman rani na Kadawa da Kura, ya ga labarin ƙasa da aikin gona da kasuwa sun haɗu a kwando ɗaya. Haka hatsi a Dawanau, da kaka da kuma lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ya bambance jari da ciniki da riba, domin masu ƙaramar sana'a da yawa suna cin jarinsu suna zaton riba ce. Kwamfuta kuma, abin da zai fara ganewa shi ne ba ta da wayon kanta, umarni take bi ɗaya bayan ɗaya yadda aka jera mata. Ko babu na'urar a gida, ki ce ya rubuta matakan dafa shayi dalla-dalla, ke kuma ki bi su daidai yadda ya rubuta. In ya manta bai ce a kunna wuta ba, kada ki kunna.

Kada ki jera masa waɗannan tambayoyi a dare ɗaya. Ɗaya a mako ta isa, kuma in ya kasa kada ki yi masa faɗa, ki ce ya kai wa malaminsa gobe ya dawo ya koya miki. Yaron da aka ba aikin koyar da mahaifiyarsa yana saurare a aji da wani irin kunne daban. Ki riƙa duba littafin aikinsa, ba na kwafar rubutu ba, ki ga ko ana gyara masa da jan biro, ki ga ko kuskure ɗaya ne yake ta maimaitawa. In kin je makarantar, maimakon «yaya ƙoƙarinsa?», ki tambayi malamin a ina yake tsayawa. Wannan tambayar ita take fito da amsa mai amfani.

Nan da shekara 3 za a raba su, wasu kimiyya, wasu fannin adabi, wasu kasuwanci, masu son makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu kuma sai sun ci jarrabawar shiga. Nan da shekara 6 zai zauna WAEC ko NECO, kuma jami'a tana neman kiredit 5, galibi har da Turanci da lissafi. Saboda haka in kuɗin lesin na darasi ɗaya ko biyu kawai kike da shi, ki zuba su a kan karatu da lissafi. Ki gaya wa mai lesin ɗin kada ya bi aikin gida yana yi wa yaron, ya fara gwada shi a kan darajar gurbin lamba da jadawalin sau da firakshan, in ya ga rami ya koma littafin aji 4 ko 5 na firamare ya cike shi tukuna, ko da zangon farko gaba ɗaya zai ci.